Maigandi da Rijiyar Taloka

Maigandi mutumin Sisawa ne, ya gaji ginin rijiya wajen ubansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Daga Wurno har Goronyo da wuya a nuna rijiyar da bai taɓa shiga ba. Da En'e, hukumar gargajiya, ta fara rijiyoyin siminti zamanin Turawa, sai aka ɗauke shi aiki.

A Taloka shi da mutanensa sun haƙa gaba goma sha biyu suka cim ma ruwa, mata suka yi ta guɗa. Kwana uku tsakani ruwan ya soma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shanun Manu, wani makiyayi, suka sunsuna suka juya. Mutanen gari suka ce iskokin wurin ne ba su yarda ba.

Baturen rijiya ya aiko ma'aikacinsa Malam Shittu da kwalba da wasu 'yan takardu farare. Ya jiƙa guda ya zura cikin rijiyar da zare. Da ya jawo ta, ta yi baƙi ƙirin.

Maigandi ya dubi takardar. Ya ce, "Malam, wanga mi na?"

"Farar wuta ta cikin ruwan. Bature na son a ɗebo daga idon ruwa, a toshe kwalba can ƙasa, shi auna yawanta."

"Raina bai kwanta da ramin ga ba."

"Baba, ni ma aiko ni anka yi."

Maigandi ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba Manu da maza uku, ya yi bismilla ya soma sauka. Warin ya cika masa baki, idanunsa na zubar ruwa. Da ya kusa ƙasa sai warin ya ɗauke ɗif. Wannan ya fi tsorata shi, don ya san ba inda warin ya tafi, hancinsa ne ya daina ji. Ya nutsa kwalba ya toshe. Ya ɗaga kai, bakin rijiyar ya rabu biyu yana juyawa. Ya buɗe baki zai yi kira, murya ta ƙi fita.

Manu ne ya ji igiya ta yi nauyi irin na gawa, ya yi ihu, "Ku ja!"

Suka fito da shi a sume, kwalbar na cikin rigarsa. Sai bayan la'asar ya farfaɗo yana amai. Bayan mako biyu takarda ta zo daga Sakkwato cewa ruwan ba na sha ba ne, aka cike rijiyar da ƙasa.

Maigandi bai sake sauka rami ba. Ya koma noman gero a Sisawa, tari ya zauna masa har tsufa. Ko ruwan alwala matarsa Asta ke ɗebo masa, don in ya leƙa rijiyar gidansu jiri ke kwasarsa.