Kusurwar da Inna ta bari

Ɗakin Inna a Tibiri daɓen tsingaro ne. Ba ta taɓa fasa tukunya mai rai don shi ba. Sai wadda ta fashe da kanta take kwashewa, ta wanke, ta adana a bayan rumbu. Shi ya sa aikin ya ci shekaru.

Tsarinta ba ya sauyawa. Da farko ta jiƙa ƙasa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Sannan ta goga bakin kowane tsingaro a kan dutse har ya yarda da na kusa da shi. Daga nan ta dasa shi, ta bi da madaɓi a hankali. A tsakiyar ɗakin ta kafa gindin wata baƙar tukunya, sauran suka kewaye shi, ja na bin baƙi, baƙi na bin ja. In ta gama layi sai ta ja tsinken tsintsiya a kai. Inda tsinke ya shige, ta tone ta sake.

"Inda tururuwa ta samu ƙofa, ruwa ma zai samu," haka take cewa.

Ta rasu saura kusurwa ɗaya, ta bayan ƙyaure. Ni ce babba, ina aure a Sabon Gari cikin Maraɗi. Gidan ya koma hannun ƙanena, wanda ke noman rani a Jiratawa. Ranar da aka tashi daga zaman makoki na kira shi cikin ɗakin na ce, "Gida naka ne, ban da ja. Abu ɗaya nake roƙo: kar a taɓa daɓen nan. Kusurwar ni zan cike ta."

Ya durƙusa ya dafa ƙasa. "Haba Yaya! Ni da na yi rarrafe a kansa? Ko kaza ba za ta taka shi ba."

Na bi ƙa'idar Inna, na jira. Da randata ta tsage a wata bazara, na auno kusurwar da zare, na zana ta a ƙasa a tsakar gidana, na shiga goge tsingaro bayan la'asar. Ƙanena ya san ina yi. In ya kawo zogale kasuwa yakan biyo, ya tsaya a kaina yana dariya.

"Yaya maginiya! Yaushe za a buɗe fadar?"

"Ranar da ka koyi sallama kafin ka shigo."

Da na gama na buga masa waya na ce ina tafe ran Juma'a. Ya ce in dakata, ruwa ya ɓata hanya. Mako ya zagayo, ya ce yana wajen ban ruwa, ba kowa a gida. Na ukun ban tambaye shi ba. Na ƙulle tsingarona a tsohon zane, na hau kabu-kabu. Hanya lafiya lau take.

A ƙofar gidan akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya tun muna yara. Na tarar an cike shi. Sai da na taka na ga da me aka cike: ja da baƙi, bakinsu a goge, sawun amalanke a kansu.

Na shiga. An yi wa ɗakin Inna siminti, buhunan taki jere har rufi. Ƙanena ya fito daga bayan gida, ya ga ƙullin da ke hannuna, ya kau da ido.

"Yaya, taki ba ya son danshi. Magini ya ce sai an tone duka."

"Yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kafin ka ce mini hanya ta ɓaci, ko bayan nan?"

Ya sosa ƙeya. "Fasassun tukwane ne fa, Yaya. Da na faɗa miki, da kin hana."

Da ya zo ya ce mini yana bukatar ɗakin, da na yi faɗa, wannan gaskiya ne. Bayan faɗan kuwa, da na zo na cire tsingaron da hannuna, layi bayan layi, na san wanda ke bin wani. Wannan damar ce ya hana ni, yana kallona ina goge tsingaro.

Matarsa ta kawo fura. Na gode mata, ban sha ba. Na durƙusa a kwarin na tono abin da hannuna ya iya kaiwa. Gindin baƙar tukunyar ban gan shi ba.

A gida na yi ta gwada su a ƙasa. Kowanne an goge shi ne don maƙwabcinsa, maƙwabcin kuwa yana can ƙarƙashin sawun amalanke. Duk yadda na juya su, tsinke na shigewa. Kusurwata kaɗai ta haɗu, ita ce na dasa a bayan ƙyaurena.

Ban yanke zumunci ba. Da salla ina zuwa Tibiri, mu gaisa a zaure. Amma in ya bugo waya ya ce, "Yaya, gobe ina nan tafe," ba na ƙara awo a tukunya sai na ga ƙafarsa a ƙofa.