Dokar Karta Biyu a Tabarma Ɗaya

Ni ban taɓa riƙe karta a hannuna ba, ko sau ɗaya. Amma shekara uku ina zaune a ƙofar ɗakina a Bromakoté, cikin unguwar Adjamé ta Abidjan, ina tsince shinkafa ko ina ba da nono, maza huɗu suna bugawa a gindin mangwaro kowace Juma'a in an sauko masallaci. To ko ba ka so sai ta shiga kanka. Allo kaɗai na yi, shi ma ban yi nisa ba. Ido ne dai Allah ya ba ni.

Maigida mahauci ne. Su huɗu suke haɗa hannu wajen sayen shanu: shi, da yayansa, da wani Ba'adare mai yawan ba'a, da dattijon da muke ce wa Baba, wanda shi ya kawo su garin nan duka. A shekarun yaƙin Turawa jirgin ƙasa ya daina samun wurin ɗauko dabbobi. Sai dai mutum ya hau ya tafi Bobo, ya sayi shanu, ya biyo makiyaya da ƙafa har Abidjan. Wata biyu ne in an yi sa'a. Ba mai son tafiyar, don haka karta ke zaɓe. Ba a sa kuɗi ko tamma ɗaya, Baba ya ce ba caca ba ce, ƙuri'a ce. Kowane zagaye, wanda ya fi kowa ƙarancin ci sai a ajiye masa ƙwallon kwakwar manja ɗaya a gabansa. Wanda ya fara tara bakwai, shi ne mai tafiya.

A shekarar da nake faɗa ɗiyata tana wata takwas, tana fama da tarin nan da ke shiɗe yaro har leɓensa ya yi baƙi. Ɗana na fari ma a wata takwas ya rasu, ubansa yana hanyar Bobo, sai da ya dawo aka nuna masa kabarin. Ranar Juma'ar da za a zaɓi mai tafiya, da safe na ce wa maigida, "Don Allah wannan karon kada ya zama kai."

Ya ce, "Ai ba ni ke zaɓa ba."

Na yarda da haka, don na san wasanmu na Adjamé yana da adalci. A cikin launin karta huɗu, kowane zagaye akwai ɗaya da ake kira, shi ke cin sauran duka. Atu suke ce masa. Duk wanda ya samu damar kiran atu, launin da ya fi yawa a hannunsa zai kira, ka ga ya tsira ke nan. A wurinmu wanda ya faɗi shi ke raba karta, kuma mai rabon shi ke kiran atu. An ɗora maka wahalar rabo, an kuma miƙo maka hannu ka tashi. Shi ya sa da wuya mutum ya faɗi sau biyu a jere, wasa ya kan kai la'asar kowa da ƙwallo biyar ko shida.

Sai dai a wannan shekara yayan maigida ya mai da teburin namansa kasuwar Treichville, ya ƙetare ruwa da iyalinsa, can ya koyo wani wasan wurin masu sauke kayan jirgin ruwa. Ya zo da sabuwar karta a aljihu, ya zauna a daman ƙanensa, ya ce, "Baba, wasanku na ƙauye ne. Mu can rabo zagayawa yake, kowa da nasa lokacin. Na daman mai rabo shi ke kiran atu, kuma mai rabo ya zaro babban atu ɗin da ke hannunsa ya miƙa masa, ya karɓi tarkace a madadi."

Ba'adaren ya ce, "A'a, har a karta akwai jangali? Mun gudo wa jangali daga Tawa, ya biyo mu da kwalekwale!"

Suka yi dariya, sunan ya bi abin. Ni kuma na auna a raina, na ga shi ma wannan wasan ba shi da zalunci. Tunda rabo zagayawa yake, kowa zai biya jangalin sau ɗaya, kowa zai karɓa sau ɗaya.

Gardama ta ɗan yi tsawo. Baba mutum ne da ba ya son a tashi daga tabarmarsa da ɓacin rai, sai ya ɗaga hannu ya ce, "To ku saurara. Shi yau baƙonmu ne, mu kuma masu gida. A ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Wanda ya faɗi shi ke rabo, tamu ke nan. Na dama ya kira atu ya karɓi jangali, tasu ke nan. Kowa ya samu." Suka ce madalla, suka shafa fatiha a kai.

Har yau in na tuna wannan madallar sai raina ya ɓaci. Maza huɗu masu gemu, waɗanda za su kalli sa daga nesa su faɗa maka nauyin namansa, ba wanda ya tsaya ya haɗa dokokin nan biyu a kansa ya ga abin da za su haifa.

Zagayen farko maigida ya faɗi. Wannan ƙaddara ce, ba na zargin kowa. Ya raba, yayansa ya kira atu, maigida ya zaro babbar kartarsa ya miƙa masa. Ya sake faɗi. Ya sake rabo. A na uku na ajiye faifan shinkafa, don na riga na gano. An bar masa wahalar tamu, an cire masa hannun da ke tayar da shi, an ƙara masa jangalin can wanda ba zai taɓa zagayowa ya karɓa ba. Duk wanda ya faɗi a zagayen farko ya gama tafiya Bobo, sauran zagayen ɓata lokaci ne kawai. Na damansa kuwa ko barci yake zai ci.

Ƙwallo huɗu. Ba'adaren yana cewa, "Ka fara shafa wa ƙafarka man kaɗanya, ɗan'uwa." Yarinya ta farka a bayana ta kama tari, na sauke ta ina bubbuga bayanta, idona yana kan tabarma. Na kai musu ruwa ba wanda ya nema, na durƙusa kusa da maigida na ce a hankali, "Dokar ce, ba hannunka ba ne." Ko kallona bai yi ba. Ƙwallo biyar. Yayan ya karɓi jangali yana murmushi, ya ce, "Allah ya ƙara wa talakawa haƙuri." Ban sani ba ko da gangan ya zaɓi zama a daman nan. Na daɗe ina juya wannan, ban samu amsa ba, kuma ban yafe murmushin ba.

Da aka ajiye na shida na miƙe da yarinya a kafaɗa. Mace ba ta magana a tabarmar nan, ko uwargidan Baba ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Wasan nan ba ƙuri'a ba ne."

Yayan ya ce, "Ikon Allah. Amarya, yaushe kika buɗe lakkol, kika zama malamar karta?"

Na ce, "Yaya, ba da kai nake ba. Baba, wanda ya faɗi yana da hanyar tashi? Nuna mini ita. Ya raba, a kira atu a kansa, a karɓe babbar kartarsa. Da me zai ci? Ko kai aka sa a wurin, haka za ka tara bakwai."

Baba ya dubi ƙwallayen da ke gaban maigida. Sannan ya ce a dakata da lissafi, ya karɓi kartar ya ce a gwada shi ne mai rabo. Ya raba, ya biya jangali, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Na uku ma haka, shi da ya fi su iya wasan duka. Ya ajiye kartar ya ce, "Yarinyar nan ta yi gaskiya. Ni na ɓata. A kwashe ƙwallaye a sake daga fari, da dokar gida."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini tulu daga kai. Har na juya zan koma ɗaki.

Sai na ji maigida ya ce, "A'a, Baba. An shafa fatiha."

Baba ya ce, "Fatihar a kan kuskure aka yi ta, ɗana."

"Na zauna a kan doka, a kanta zan tashi. Ba za a yi ta faɗa a mahauta cewa matata ce ta ƙwato ni ba."

Na ce, "Maigida, dubi yarinyar nan."

Ya ce, "Shiga ciki."

Ban shiga ba. Ina tsaye ya tattara kartar ya raba da hannunsa, yayansa ya kira atu murya ƙasa-ƙasa, kunya ta kama shi ya ƙi miƙo hannu, maigida ya zaro jangalin ya jefa masa a cinya. Da aka gama shi da kansa ya ɗauki ƙwallo na bakwai ya ajiye a gabansa, ya miƙe ya yi alwala.

Ranar Litinin ya hau jirgi. Ban raka shi ko ƙofar gida ba.

Wata biyu da kwana tara ya yi. A ciki sau biyar ina goya yarinyar daga Adjamé, in ratsa unguwar Turawa, in hau gadar nan da ke lilo a kan ruwa zuwa wurin likita a Treichville, ni kaɗai, ina tafe ina sa hannu a baya in ji ko tana numfashi. Matar yayan ta taɓa ganina a bakin gada ta ce in biyo in sha ruwa. Na ce na gode, na wuce.

Yarinyar ta tashi, yanzu ga ta can tana gudu a tsakar gida, amma ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi. Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarsa Baba ya soke jangali, aka koma dokar gida, ba wanda ya ƙara tada zancen. Maigida ya dawo a rame, da zane mai kyau da ya sayo mini a Bobo. Ya miƙo, na karɓa da hannu biyu, na sa a ƙasan akwati. Shekara uku ke nan, ya tambaye ni sau biyu me ya sa ba na ɗaurawa, na ce masa ai ba ni ke zaɓa ba.