Kujerar Bayan da Kawu Ya Ƙi Cirewa

Jiya na buɗe garejin Kawu da ke bayan titin Grand Concourse, karo na farko tun rasuwarsa bara. Warin fetur da giris na nan yadda ya bar shi, ga kuma tsohon babur ɗin da ya yi shekaru yana haɗawa don tseren miƙaƙƙiyar hanya, wanda ake gamawa cikin 'yan daƙiƙu.

A wannan tseren nauyi ne abokin gaba. Kawu ya cire madubi da fitila, duk abin da ya kwance sai ya ɗora a sikelin kicin ɗin matarsa yana murmushi. Amma kujerar baya, mai nauyi kamar dutse, ya bar ta.

Wata Asabar na kasa haƙuri, na ce, "Kawu, wannan fa? Ita ce za ta kayar da kai."

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "In na tarar da wani yana tafiya a ƙasa fa? In wuce shi?"

"A filin tsere? Wa ke tafiya a ƙasa a can?"

"Miƙo min sifana."

Har yau ban gane ba, ko wasa yake ko da gaske. Yanzu babur ɗin nawa ne, kuma na sa sunana a tseren wata mai zuwa. Na ɗora sifana a kan notin kujerar, hannuna ya ƙi juyawa.

Allah Ya jiƙan Kawu. Yadda bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba, Allah kada Ka bar shi a hanya.