Giyar Arba'in a Greensboro

Shekarun baya can, farkon shekarun tamanin, ina karatun digiri na biyu a Greensboro, wani kaset ya iso ni daga gida. Bari in faɗa muku tun yanzu, labarin nan akwai giya a cikinsa. Na san yawancin masu bibiyata ko warinta ba sa so, kuma ba tallarta na zo yi ba. Ni kaina likita ya raba ni da ita tuntuni. Amma ni Bamaguje ne daga kudancin Kano, kuma dafa giya ce sana'ar mahaifiyata. A gindin tukunyarta na yi rarrafe.

Wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ne ya kawo kaset ɗin. Na saka a rediyo, sai ga muryarta, tana magana da ƙarfi don ba ta yarda injin yana ji ba.

"Ubanka ya rasu, an binne shi. Kada ka taso, ka yi abin da ya kai ka. Ranar arba'in za a yi masa giya. Kai ne babba, zubawar farko taka ce."

Daga nan sai na ji tana tambayar ƙanena ko abin ya ɗauka. Shi ke nan saƙon.

A gidanmu in mutum ya cika kwana arba'in da rasuwa, ana dafa masa giyar dawa. Kafin kowa ya kai baki, ɗan fari zai ɗebi ƙoƙo guda, ya kira sunan mamacin, ya zuba a ƙasa. Wannan ce sallama. In ba a yi ba, a wajen mutanenmu mamacin yana tsaye a ƙofar gida ba a ce masa sauka lafiya ba. Kuma ba a tayar da giyar da komai sai da abin da mahaifiyata take kira uwa, wato ɗan kaurin da yake kwantawa a gindin tukunyar da ta riga ta nuna. Ta mutuwa kuwa daga tukunyar wani gida ake aro uwarta, don a ce mutane sun taya ku kuka.

Na lissafa kwanaki. Sha takwas sun riga sun wuce kafin kaset ya iso. Ni ɗan makarantar mishan ne, ɗan ƙungiyar waƙa a coci, wanda ya yi shekaru yana jin kunyar warin giya a jikin rigarsa ta makaranta. Amma ranar ban tsaya gardama da kaina ba. Ubana ne, kuma ban ga gawarsa ba.

Abokina da muke haya tare a East Greensboro Bakano ne, Musulmi, yana nazarin cututtukan tsirrai. Shi yake da mota. Da na gaya masa nufina, ya daɗe yana kallona.

"Yanzu kai, Bamaguje, sai da ka tsallako teku sannan za ka buɗe mana gidan giya a kicin?"

"Tukunya ɗaya ce, Malam."

"Allah Ya shirye ka. Ni dai ba na sha, ba na ɗanɗanawa, ba na wanke tukunya. Ɗauko jaket ɗinka mu je neman dawar."

A wata gona wajen Summerfield muka samu. Manomin takanda yake shukawa don ya matse ruwanta, kawunan kuma ya zuba wa kaji. Ya cika mana buhu, ya bi mu da kallo yana mamakin ɗalibai biyu masu kiwon kaji a cikin gari.

Na jiƙa dawar, na shanya ta a kan buhu mai laima a baho, na rufe. Kwana huɗu ta tsira, fari fat. Na busar da ita a baranda, na niƙa, na raba gida biyu. Allah ne Ya sa na raba. Na dafa rabi, na bar shi ya kwana ya yi tsami, na sake dafawa, na tace. Warin da ya tashi a kicin ɗin nan, wallahi na tsakar gidanmu ne. Nan fa kaina ya kumbura. Na ce wa abokina barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Saura uwa. Abokina ya ce in sayi yis na burodi a kanti in huta. Na ce a'a, wannan daga takarda ya fito, ba daga tukunyar kowa ba. Ga giya nan cike da kantuna, ai kowace daga tukunyar wani take. Na sayo gwangwani biyu na wadda Amurkawa suka fi sha, garau kamar fitsarin doki, na juye a tukunyata, na rufe da zane. A garinmu haka ake yi in an matsu. Kowace giya tana iya tayar da wata, domin tana cikin tafasa da kanta ake shan ta.

Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu shiru. Nakan kara kunne a jikin tukunya in ji ko tana motsi. A rana ta uku na ɗaga zane, na ga fumfuna ta rufe saman, ga wani wari da ya sa abokina ya buɗe tagogi duk da sanyi. Saura kwana bakwai, saura rabin gari.

Ina juye ta a filin bayan gidanmu maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge. Dattijo ne baƙar fata, tsohon soja da ya zauna a Jamus. Ya shaƙi iska ya ce, "Ɗana, wa ya mutu a tukunyar nan?"

Wasa yake yi, bai san komai ba. Ni kuwa sai hawaye. Na zauna a kan matakala na ba shi labari tun daga kaset. Da na zo wajen gwangwanaye biyu, ya dafe kai.

"Ai gawa ka zuba. Giyar ƙasar nan sai sun tace ta, sun dafa ta sun kashe komai, sannan su rufe. Don ta yi wata shida a kanti ba ta canja ba."

Ban taɓa jin an kashe giya ba sai ranar. Ya ce shi ma ya yi shekaru yana dafa tasa a ɗakin ƙasa, tun kafin gwamnati ta halatta, har matarsa, shugabar mata a cocinsu, ta fasa masa tuluna. "Amma ba ta fasa abin da ke kaina ba. Kira abokinka mai mota."

Ya kai mu wani ƙaramin kanti a High Point Road mai sayar da kayan ƙasashen waje. Abokina ya tsaya a mota, ya ja hula ya rufe fuska, wai kada wani Alhaji ya wuce. Dattijon ya ɗauko kwalba biyu na wata giyar alkama ta Jamus, ya ɗaga ɗaya saitin haske. A gindinta akwai wani ɗan abu fari-fari da ya kwanta, bai fi kaurin farce ba.

"Ka gan shi? Mutane zubarwa suke, wai datti ne. Barci yake yi."

Ya sa na tsayar da kwalaben a firij suka kwana. Washegari ya shigo kicin ɗinmu ya naɗe hannun riga. Muka tafasa wani tulun gilashi da murfinsa. Muka dafa ɗan garin dawata tsararo, muka bar ruwan ya huce har ya ɗiga a wuyan hannunsa bai ji zafi ba, muka zuba a tulun. Ya goge bakin kwalba, ya haska masa wutar ashana, ya tsiyaye giyar a hankali cikin kofi, ya bar kamar faɗin yatsa biyu. Ya kaɗa, ya juye a tulun. Haka ya yi da ta biyu. Ya rufe baki sakwa-sakwa, ya ɗora a saman firij inda yake da ɗumi. Giyar da ke kofi kuwa ya shanye, ya roƙe mu kada labari ya tsallaka shinge.

Gaskiya ban yarda ba. Abin da ya yi watanni a kwalba, ya hau jirgin ruwa, ya sha sanyi da zafi, ya zauna a kanti ƙura ta rufe shi, shi ne zai tashi? Kwana biyu ina kallon tulun nan, ruwa ne kawai mai launin ƙasa. Ko aji ban shiga ba.

Safiya ta uku na fito zan ɗora shayi, sai na ga farin zobe a saman ruwan. Na matsa. Ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa a jere, ɗaya bayan ɗaya, babu wuta, babu hannun kowa. Na kara kunne, sai ga sautin nan, siririn sisisi da na yi ta ji ina yaro ina kwance a tabarma. Na ƙwala wa abokina kira.

Ya zo da carbi a hannu, ya duba. Sannan ya ce, "Ɗebo ɗigo ɗaya. Kai za ka riƙe, ba ni ba. Mu je ɗakin bincikenmu."

Ranar Asabar ce, ba kowa. Ya ɗora ɗigon a gilashi, ya saka a na'urar da yake duba ƙwayoyin cuta, ya juya, ya juya. Sai na ji ya ce, "Subhanallahi." Ya matsa mini.

Gani ya kori ji. Ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ashe gari ne guda. Wasu 'yan halittu kamar ƙwan zabo, ba sa ƙirguwa. Kusan kowace tana da ƙarama manne a gefenta. Abokina ya ce haihuwa ke nan suke yi, ƙaramar za ta girma ta rabu, ita ma ta haifi tata. Wasu 'yar ba ta gama rabuwa ba ta riga ta ɗauki jika. Na tsaya a sunkuye har wuyana ya ƙage. Ni da na yi ta karatu don in yi nisa da tukunyar mahaifiyata, ashe garke take kiwo shekara arba'in. Tana ciyar da su, tana lulluɓe su in ana sanyi, tana raba wa maƙwabta, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Wani kuma a Jamus da ban san fuskarsa ba, shi ma haka ya gada daga wani.

"Bamaguje," in ji abokina a hankali, "abin naku haramun ne, amma mai halittar nan Gwani ne."

A ranar na dafa sauran garin. Washegari da ya huce na juye tulun a ciki na rufe. Kafin azahar zanen ya fara ɗagawa. Ranar arba'in tukunyar tana tafasa da kanta, kumfa har baki.

Ba ni da ƙoƙo, da kwanon shan kunu na ɗiba. Na fita filin bayan gidanmu da hantsi, ganye duk ya zube. Dattijon ya zo da rigarsa ta coci, ya cire hula. Abokina ya tsaya can bakin ƙofa, bai matso ba, bai kuma shiga ciki ba. Na durƙusa, na kira sunan ubana, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba. Na zuba. Jar ƙasar nan ta shanye nan take. Na ce masa ya sauka lafiya, na yi kukan da na kasa yi tun ranar kaset.

Har yau in na ga burodi yana tashi ko ƙullun waina yana kumfa, sai na tsaya. Na yi digiri, na koyar, na ga na'urori manya-manya, amma babu abin da ya taɓa girgiza ni kamar ɗigon nan. Ya rage mini girman kai, ko da yake matata za ta ce bai rage da yawa ba.

Ban rubuta wa gida cewa na yi ba. Ƙanena ne mai karanta wa mahaifiyata wasiƙa, shi kuma ya zama mai wa'azi, ban so surutu. A ɗaukata shi ne ya zuba a madadina, tawa ƙari ce kawai. Sai bayan shekara uku na koma. Da muka zauna ni da ita, na kwashe labari na ba ta, ina zumuɗin gaya mata 'yan halittun da na gani. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Sai da ka je Amurka ka san tana da rai? Wa ka taɓa gani ana lulluɓawa zane in ba mai rai ba?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ranar arba'in ɗin ka zuba? Ba washegari ba?"

"Ranar, Inna. Da hantsi."

Ta sauke wani dogon numfashi, ta dafe ƙasa da tafin hannu.

"An miƙa wa ƙanenka ƙoƙo, na ce a ajiye. Kawunnanka suka yi ta faɗa, wai wanda ke ƙasar Turawa ina zai ga dawa. Na ce ɗana na fari ya ji saƙona. A nan ba wanda ya zuba ko ɗigo."