Tiyon Yaya

Yayana mai walda ne, kuma salansar mota kaɗai yake taɓawa. Ka kawo masa ƙofar gida, sai ya nuna maka rumfar gaba. Tun ina firamare nake ganinsa da guntun tiyo a wuya: ɗaya bakin a kunne, ɗayan yana bin bututu da shi har ya ji inda hayaƙi ke tsiyaya. 'Yan gareji ma Mai Tiyo suke kiransa.

To, hayaniyar guduma ta cinye kunnen nan, shi kuwa ko kusa bai yarda ba. Matarsa ta kira shi cin abinci har muryarta ta dishe, ya ce ita ce ke magana ciki-ciki. Muna dariya, amma ni tsoro nake ji, don mutumin nan bai iya zaman gida ba.

Ran nan na kai tasi ɗina, na tarar wani ɗan gayu ya kawo mota. Ya cire bututan da ke fitowa daga jikin inji, na kamfani, ya sa wasu masu walƙiya da ya sayo. Da an tayar sai ka ji tik-tik-tik, ga warin hayaƙi a cikin mota. Yaya ya yawata tiyo, ya ɗaure noti, ya ce an gama. Aka tayar, ƙarar tana nan, kowa na ji ban da shi.

"Malam, ko in gwada wani wurin?" in ji ɗan gayun.

Yaya ya kalli bakinsa, ya kalli fuskata, ya gane. Wallahi sai da na ji kamar in nutse.

Yaya ya ce a bar inji ya huce. Ya jiƙa sabulu a roba, shi da yake tsokanar masu yin haka da cewa wankin mota suka zo koya. Ya karɓo tiyon iska a wurin mai faci, ya zura a bakin salansa, ya toshe gefen da tsumma. Yana shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa na tashi a can ƙasa, inda bututan suka haɗe. Waldar masu ƙera su ce ta tsage, siririya kamar gashi. Ya kwance, ya kankare, ya bi ta da wuta a hankali. Hannun dai yana nan yadda na san shi.

Aka mayar, aka tayar. Mai mota ya washe baki yana taka totur. Yaya ya matso kusa da ni yana goge hannu, a zatonsa raɗa yake yi, alhali duk gareji na ji.

"Auta, ta yi shiru?"

"Ta yi, Yaya."

"To gobe ma ka biyo."