Ogan da ya zaɓi ramin da zan jefa shi

Jiya ina tsaye a kasuwar Dei-Dei ina cinikin tayil na daɓen ɗaki, sai na ji an ce, "Hajiya marubuciya!" Ina waiwayawa na ga tsohon ogana, wanda ya kore ni daga aiki ina da cikin wata bakwai.

Zaman gidan nan ne ya mai da ni marubuciya. Da farko littattafan mutane nake ɗauka in sake musu ƙarshe, duk mugun da aka yafe wa, ni sai in kashe shi. Daga baya na ƙirƙiro nawa mugun, wani darakta mai sosa kunne da makullin mota. Littafi uku ke nan ana farautarsa.

Oga ya ce, "Wallahi daraktan nan naki haushi yake ba ni. Irinsu sun cika ofisoshin garin nan, marasa imani!" Yana faɗa yana sosa kunne da makullin mota.

Na ce, "Allah ya raba mu da su, yallaɓai."

Ya ce, "Amin. Ni har na rubuta nawa ƙarshen. A ɗaure shi a jefa shi ruwan ramin dutsen Mpape. Kada ki bari ya tuba."

Na gyara mayafi na ce, "In sha Allahu yadda ka ce haka za a yi."

To jama'a, ku taya ni gani. Mutum ya zaɓi kabarinsa da bakinsa, ni wace ce da zan hana shi?