Gorar Baba Idi Mai Hoton Ƙanƙara

Cikin duk ranakun da na yi a wurin wankin motar nan na Lugbe, akwai wata Asabar ta tsakiyar bazara da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kuna ganin cika ruwan gilas shi ne mafi sauƙin aikinmu, to ku saurara.

Ga yadda tsarin yake, don wanda bai sani ba. Mota ta shigo, maza su wanke waje, mu mata mu share ciki mu goge kujeru. Daga ƙarshe a ɗaga bonet a duba wani ɗan tulun roba da ke gefe, wanda yake fesa ruwa a gilashin gaba in direba zai kunna waifa. Lokacin ina sabuwa, wannan na ƙarshen nawa ne. Abin da Oga Danjuma manajanmu ya koya mini a kai bai wuce, "Ki cika, kar ya zuba."

'Yata Safiya tana shekara huɗu a lokacin. Bas ɗin makarantarsu ke ɗaukar ta, kuma da yake ita ce ƙarama, Baba Idi direba yakan zaunar da ita a gaba kusa da shi. Sai ta fara dawowa gida riƙe da kai, ta ƙi abinci, ta kwanta. Na kai ta kemis aka gwada zazzaɓi, babu. Na canja mata ruwan sha, na hana ta alawa, duk a banza. Ni da ma ga ni da tsoro, ko atishawa ta yi sai na rasa sukuni. Rannan ina cire mata safa sai ta ce, "Mama, motarmu warin allura take yi."

Warin allura a mota? Abin ya tsaya mini a rai.

A wurinmu ake wanke bas ɗin duk Asabar. Da ya shigo ranar, ni na riga kowa hawa. Na bi kujeru ina shinshinawa kamar mage, na ɗaga shimfiɗar ƙasa, na leƙa aljihun gaba. Ban ji komai ba sai warin biskit da takalma. Na sauko na ɗauki jarkata zan cika tulu, sai Baba Idi ya tare ni.

"A'a, Maman Safiya, ajiye wannan. Nawa na musamman ne."

Ya ciro wata gora mai shuɗin ruwa daga ƙarƙashin kujerarsa. A jikinta akwai hoton wani farin tauraro mai rassa, da mota a cikin farar ƙasa. Ya ce a Masaka ya saya, wurin masu sayar da kayan da ake cusowa cikin motocin Kwatano, tsofaffin nan da ake shigowa da su daga ƙasashen Turawa.

"Kin ga ƙanƙara ko? Ruwan sanyi ke nan. Wannan zafin na Abuja gilas har tsagewa yake yi. Ni kuwa duk inda muka tsaya a gosulo sai in fesa, ya sha sanyi."

Yana buɗe murfin warin ya daki hancina. Irin ruwan nan ne sak da ake goge wa yaro hannu da auduga kafin a yi masa allura.

Ni a aji huɗu na tsaya, rubutun jikin gorar ya fi ƙarfina. Amma a ƙarƙashin rumfa akwai Hajiya Rabi tana jiran motarta, ma'aikaciyar wata ma'aikatar tarayya ce, na taɓa jin ta ce ta yi karatu a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Na ce wa Baba Idi bari in goge wa gorar baki, na lallaɓa da ita wurin Hajiya, na durƙusa.

"Hajiya, don Allah wannan sanyaya gilas yake yi?"

Ta karanta, ta dube ni, ta yi dariya har mayafinta ya zame. Da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ce a can ruwa daskarewa yake yi a cikin tulun mota ya zama dutse, shi ya sa suke cika shi da wani sinadari mai kama da sifirit, don ya hana daskarewa. Ma'anar hoton ke nan: na lokacin ƙanƙara ne. A zafinmu kuwa tashi yake yi ya bi iska. Ta nuna mini wasu 'yan ramuka a gindin gilashin motarta, ta ce ta nan iska take shiga wurin na gaba.

"To namu na nan wanne ne, Hajiya? Ko shi ma da na rani da na damina?"

"Ke kam da tambaya! Da rani na gama-gari ya isa, a sirka da ruwa mai kyau. Da damina ki nemi mai hoton ƙwaro, saboda ƙwarin shinge da taɓon da tireloli ke watsowa. Sauran ki tambayi masu shago, ni ma iyakata ke nan."

Saura faɗa wa Baba Idi. A shekaru ya haife ni, kuma a hannunsa nake damƙa 'yata kowace safiya. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Baba, don Allah ka zauna a kujerar Safiya, ina son in ga wani abu." Na roƙi Oga Danjuma ya tayar da motar, ya kunna fanka, ya fesa. Gilashin ya sha rana, ruwan ya bushe kafin waifa ta dawo, ya bar farin zane. Baba Idi ya sunkuya daidai tsayin yarinya. Sai ga tari, sai ga hawaye.

"Innalillahi! Wannan take shaƙa?" Ya share idonsa. "Ni dizal ya gama da hancina tuntuni. Wallahi, Maman Safiya, don yaran nan na saya, kar gilas ya fashe musu a fuska."

Oga Danjuma ya ce, "Baba, kai ka sayo wa Abuja rigar sanyi!" Har shi Baban sai da ya murmusa. Da hannunsa ya zuƙe tulun, muka ɗauraye, na cika da namu.

Ni ba likita ba ce, ba zan rantse ba. Amma daga makon nan Safiya ta koma shigowa da gudu tana neman abinci.

Abin da na gane shi ne, yawancinmu a sana'ar nan hoto muke karantawa, kuma mai yin kuskuren sau da yawa shi ne wanda ya fi damuwa. Don haka kar ku yi wa direba dariya, kar kuma ku zuba abin da ya miƙo muku a makance. Ku shinshina. Ku tambaye shi hanyar da yake bi. Sannan ku tambaye shi wa yake zama a gaba.